Abdulkarimu Bajamushe da Dutsen Aljannu

A ƙasar Funtuwa da Malumfashi akwai duwatsu tsaitsaye a tsakanin gonakin auduga da na dawa. Yara masu kiwo sun saba hawansu, su sauko kafin magariba. Amma a cikin hamada akwai waɗansu duwatsu da ba a hawansu da wasa. Ga labarin wani mutum da ya hau ɗaya daga cikinsu, ya kwana a gindinsa, saura kaɗan ya halaka.

Sunansa Heinrich Barth. An haife shi a birnin Hamburg na ƙasar Jamus cikin shekarar 1821. Tun yana yaro yake son karatu da koyon harsuna, har ya iya Larabci. Cikin shekarar 1850 gwamnatin Ingila ta aiko shi tare da waɗansu Turawa biyu, Richardson da Overweg, su ƙetare hamada su ga ƙasashen Sudan. Suka tashi daga Tarabulus cikin watan Maris. A wannan tafiya ce ya ɗauki sunan Abdulkarimu, wanda aka san shi da shi a ƙasar Hausa da Barno.

Da ayarinsu ya kusa garin Gat, sai suka hango wani dogon dutse mai suna Idinen, kansa kamar rusasshiyar ganuwa. Buzayen wurin suna kiransa fadar aljannu, ba su kuwa zuwa kusa da shi. Abdulkarimu ya zaci zai sami rubutun mutanen dā a bisansa. Ya nemi ɗan jagora, ba wanda ya yarda. Suka yi ta yi masa gargaɗi, ya ƙi ji.

Ran 15 ga watan Yuli da sassafe ya saɓa 'yar salkarsa, ya ɗauki dabino da busasshen biskit, ya tasam ma dutsen shi kaɗai. A hamada abu yakan yi kamar kusa, alhali kuwa da nisa yake. Ya yi ta tafiya a kan tsakuwa, ya ƙetare wani kwari mai zurfi, sa'an nan ya fara hawa, yana dafa duwatsu da hannu. Ya kai bisa a gajiye, ya duba ko'ina, bai ga rubutu ko ɗaya ba.

Da ya sauko sai hanya ta ɓace masa. Rana ta take, ruwan salka ya ƙare, dabino ya ƙi haɗiyuwa. Ya harba bindiga don 'yan'uwansa su ji, ba wanda ya amsa. Da ƙarfinsa ya ƙare sai ya kwanta a gindin wata bishiya maras ganye. Cikin dare ya hango wutar ayari can nesa, amma ya kasa tashi, ga zazzaɓi ya rufe shi.

Gari ya waye, rana ta sake fitowa da zafinta. Ƙishirwa ta tsananta, har ya tsotsi jinin jikinsa don ya jiƙa maƙogwaro. Daga nan hankalinsa ya soma gushewa. Wajen faɗuwar rana sai ya ji kukan raƙumi. Ashe wani Buzu ne ya biyo sawunsa a kan rairayi. Buzun ya yayyafa masa ruwa a ka tukuna, sa'an nan ya ba shi ya sha, ya aza shi bisa raƙumi ya mai da shi zango. Mutanen da ya ƙi jin maganarsu, cikinsu ne aka sami wanda ya ceci ransa. Hausawa sun ce wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Abdulkarimu ya warke, ya ci gaba da tafiya. Duk inda ya sauka yakan zauna da mutanen wurin, ya yi ta tambayarsu sunayen garuruwa da hanyoyi da rijiyoyi, yana rubutawa. Ya shiga Agadas, yana koyon Hausa a hanya. A farkon shekarar 1851 ya iso Katsina, zamanin Sarki Muhammadu Bello, daga nan ya wuce Kano, inda ya yi mamakin kasuwa da marina da yawan tufafin da ake saƙawa. Abokan tafiyarsa duka biyu suka rasu a ƙasar Barno, shi kuwa ya sake biyowa ta Katsina cikin 1853, ya nufi Sakkwato, ya kai har Tambutu.

Cikin 1855 ya koma Turai tare da samari biyu, Abbega da Dorugu. Dorugu Bahaushe ne, ya taimaka ƙwarai wajen rubuta Hausa da boko, daga baya kuma ya koyar a makarantar Ɗan Hausa a Kano. Abdulkarimu ya wallafa labarin tafiyarsa cikin manyan littattafai 5, waɗanda masana tarihin ƙasar Hausa suka amfana da su. Ya rasu a Berlin cikin 1865, yana da shekara 44.

Da Buzun nan bai bi sawu ba, da duk wannan ilmi bai samu ba. Saboda haka mai niyyar hawan dutse, ko na bayan gari ne, ya nemi abokin tafiya, ya ɗauki isasshen ruwa, ya gaya wa na gida inda ya nufa, ya kuma saurari waɗanda suka san wurin. Matambayi ba ya ɓata.

Tambayoyi

1. Me ya sa Abdulkarimu ya so hawan Idinen?
2. Yaya aka yi Buzu ya gano inda yake?
3. Wane shiri ya kamata mai hawan dutse ya yi?