Kanta, Sarkin Kabi

'Yan uwa, mu mutanen Jabo da Tambuwal mun saba jin sunan Kanta a bakin tsofaffi, amma kaɗan ne suka san yadda sarautarsa ta soma. Rigimar rabon ganima ce ta haife ta.

Muhammadu Kanta ya bi Askiya Muhammadu na Songhai yaƙin Agadas. A hanyar dawowa, wajen shekarar 1516, aka hana shi kasonsa, sai ya ɓalle. Mai littafin Tarikhus Sudan ya kawo wannan labari. Abin mamaki, Askiya mutum ne da ya yi hajji, ga malamai kewaye da shi, kuma babin ganima a fiƙihu ba ɓoyayye ba ne, amma a nan ya yi asarar ƙasa guda. Songhai ta sha turo runduna, ba ta iya maido da Kabi ba.

Kanta ya gina Surame da ganuwar dutse, kufanta na nan a yankin Binji. Ya kara da Barno ma. Sarkin Musulmi Bello ya ruwaito a Infaƙul Maisur cewa yana dawowa daga wannan yaƙi aka harbe shi da kibiya a ƙasar Katsina, ita ce ta zama ajalinsa.