Malam Aminu Kano: Ɗan Gidan Alƙalai da Ya Tuhumi Kotu da Kurkuku

Duk wanda ya saba bin Titin Zariya da safe, daga Gadar Ɗangi zuwa Gyaɗi-Gyaɗi, ya san abubuwa biyu da ke maƙwabtaka da juna a wannan yanki na Ƙaramar Hukumar Tarauni. Na farko shi ne Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988. Na biyu kuwa Titin Kotu ne, inda a ranakun aiki akan ga motar gidan yari ta kawo waɗanda ake tuhuma, ga iyaye mata da matan aure sun yi cirko-cirko da kwanukan abinci, suna fatan ko da ɗaga hannu ne su yi wa nasu. Mun sanya sunan Malam a asibiti da filin jirgin sama da manyan tituna, amma a ganina, mai karatu, idan ana neman wurin da ya fi dacewa a tuna da shi, to bakin kotun nan ne, domin a kan irin mutanen da ke cikin motar nan ya ƙarar da mafi yawan ƙarfinsa.

An haifi Malam Aminu ranar 9 ga Agusta, 1920, a unguwar Sudawa cikin birnin Kano. Mahaifinsa, Malam Yusufu, mufti ne a kotun alƙali, kuma zuriyarsu ta Gyanawa ta shahara da ilimin fiƙihu da alƙalanci. Wannan asali yana da muhimmanci ga fahimtar rayuwarsa, domin da ya girma ya fara sukar kotunan En'e, ba wanda ya isa ya ce masa baƙo ne ga shari'a. A gidan ya tashi, ya san abin da littafi ya ce, ya kuma ga abin da ake aikatawa a zaure.

Ya yi elementare a Shahuci, ya wuce Midil ta Kano, daga nan ya tafi Kwalejin Kaduna, inda ya kammala a 1942. A shekarar aka tura shi koyarwa Midil ta Bauchi, a can ya haɗu da Malam Sa'adu Zungur, wanda ya zame masa jagora a tunani, da kuma Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. A 1946 ya tafi Landan ƙaro ilimin koyarwa, da ya dawo ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa a 1948, sannan aka mayar da shi Kwalejin Horon Malamai ta Maru a Lardin Sakkwato. A 1950 ya ajiye aikin gwamnati, ya rungumi jam'iyyar NEPU wadda wasu matasa takwas suka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta na wannan shekara, kuma a 1953 ya zama shugabanta.

Sai mun fahimci yadda mulki yake a lokacin kafin mu gane abin da ya tunkara. A ƙarƙashin tsarin da Turawa suka shimfiɗa, hukumar En'e ce ke riƙe da 'yan doka masu kama mutum, ita ke naɗa alƙalin da zai yi masa shari'a, ita ke biyan albashin Yari da zai tsare shi. A manyan masarautu, Sarki kansa yana da kotu mai ikon yanke hukuncin kisa. Ba a yarda lauya ya tsaya a kotun alƙali ba. Saboda haka idan talaka ya saɓa da dagaci ko hakimi, to mai ƙararsa da mai kama shi da mai hukunta shi da mai ɗaure shi duk daga tukunya ɗaya suke cin tuwo. Gaskiya ne an yi alƙalai masu tsoron Allah da suka ƙi a juya su, kuma tarihi bai manta da su ba, amma tsarin da ya dogara ga halin mutum ɗaya kawai, ba tare da wata hukuma da za ta bincike shi ba, tsari ne mai jiran ranar ɓarna.

Ranar kuwa ta zo da siyasar jam'iyyu. A shekarun 1950 'yan NEPU sun sha ɗauri da bulala da tara a kan laifuffuka irin su yin taro ba izini ko zagin masu sarauta. An ɗaure manoma da teloli da mahauta da 'yan koli waɗanda yau ba wanda ya san sunayensu. Hajiya Gambo Sawaba, shugabar matan jam'iyyar, an ɗaure ta har sau 16 a rayuwarta. Shi kansa Malam bai tsira ba, domin a 1954 an hukunta shi a Kano saboda ya ɗaura tutar jam'iyyarsa a mota. Abin lura shi ne yadda ya fuskanci lamarin. Bai kira mabiyansa su fasa kurkuku ba. Ya koya musu su san haƙƙinsu, su ɗaukaka ƙara, su rubuta koke, su kai labarin ga jaridu. Hujjarsa mafi ƙarfi kuma daga cikin gida ya ɗauko ta, wato daga koyarwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙaninsa Malam Abdullahi game da adalci da amanar da ke wuyan shugaba, ta yadda masu mulki suka rasa bakin cewa aƙidar waje ya shigo da ita.

A matsayina na ɗalibin harshe, nakan tsaya a kan kalmomin da wannan zamani ya bar mana. Bahaushe ya ce gidan yari, wato ya jingina gidan ga mutum, mai riƙe da sarautar Yari, wanda aka san fuskarsa da ƙofar gidansa. Ya kira ɗaurarre ɗan sarƙa, saboda da idonsa ya ga sarƙar. Ya kuma ware gidan waƙafi, inda ake ajiye wanda ba a riga an yanke masa hukunci ba, abin da ke nuna tun can harshen ya bambanta wanda ake zargi da wanda aka tabbatar wa laifi. Kalmar sawaba kuwa, wadda NEPU ta mayar take, asalinta Larabci ne mai ma'anar abin da yake daidai, amma a bakin Bahaushe ta zama sauƙi bayan wuya. Haɗuwar ma'anonin nan biyu ita ce taƙaitaccen tarihin siyasar Malam: talaka ba zai sami sauƙi ba sai an yi masa daidai.

Koke-koken 'yan adawa da na ƙananan ƙabilu suna cikin dalilan da suka sa aka sake duba tsarin shari'ar Arewa kafin mulkin kai. Bayan binciken Hukumar Willink a 1957 zuwa 1958, gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana shari'a a 1958 a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, kuma daga shawararsu aka samar da kundin Final Kod wanda ya fara aiki a 1960. Adalci ne a ce wannan babban aiki ne na gwamnatin NPC, kamar yadda adalci ne a ce matsin lambar su Malam na cikin abin da ya gaggauta shi. Sai dai kotuna da 'yan doka da gidajen yari sun ci gaba da zama a hannun En'e, don haka ɗaurin siyasa bai ƙare ba har Jamhuriya ta Farko ta faɗi a 1966. A tsakanin nan Malam ya ci zaɓen Majalisar Wakilai ta Tarayya a 1959, ya kuma rasa kujerar a 1964.

A zamanin soja ne aka warware ƙullin. An soke kotunan sarakuna a 1967, aka mayar da kotunan alƙalai ƙarƙashin sashen shari'a na jiha, sannan a 1968 Gwamnatin Tarayya ta karɓi gidajen yarin En'e, aka kuma narkar da 'yan doka cikin 'yan sandan Nijeriya. Malam yana cikin majalisar Janar Gowon lokacin, a matsayin Kwamishinan Sadarwa daga 1967, daga baya na Lafiya daga 1971 zuwa 1974. Wato ya rayu har ya ga an raba mai kamu da mai shari'a da mai tsaro, abin da ya yi shekaru yana kira a kai. A 1978 ya kafa PRP, ya yi takarar shugaban ƙasa a 1979, jam'iyyarsa ta ci jihohin Kano da Kaduna, inda Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali, waɗanda a sanadinsu talakawa da yawa suka ɗanɗana ɗauri da wulaƙanci. Ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, aka binne shi a gidansa na Gwammaja, wanda yau ake kira Mambayya, a ƙarƙashin kulawar Jami'ar Bayero. Bai bar dukiyar da za a yi rigimar gado a kanta ba.

To, a nan ne ya kamata mu gaya wa kanmu gaskiya. Gyaran 1968 ya kashe wata cuta, amma ya bar ƙofa ga wata. A da, iko ya taru a hannu ɗaya, an san wanda za a zarga amma ba a isa a tuhume shi ba. Daga baya ikon ya warwatse har aka rasa wanda za a riƙe. Ɗan sandan Tarayya ne ke kamu, kotun jiha ce ke tura mutum waƙafi, ma'aikatar shari'a ta jiha ce ke ba da shawara a kan fayil, hukumar Tarayya ce ke tsarewa da ciyarwa. Idan mutum ya shekara uku a Kurmawa ko Goron Dutse ba a yanke masa hukunci ba, kowa sai ya nuna ɗan'uwansa da yatsa. Sakamakon haka, kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a gidajen yarin ƙasar nan jiran shari'a suke yi. Mun kuma ga abin kunya a watan Nuwamban 2024, lokacin da aka gurfanar da yara ƙanana, da yawansu daga Kano da Kaduna, a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja bayan sun yi kimanin wata uku a tsare saboda zanga-zangar watan Agusta, wasunsu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Sai da hotunan suka zagaya duniya kafin Shugaban Ƙasa ya ba da umarnin a sake su.

Abin takaicin shi ne dokoki ba su yi mana ƙaranci ba. Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015, wadda Kano ta yi irin tata a 2019, ta ɗora wa majistare ziyarar ofisoshin 'yan sanda kowane wata don duba waɗanda ke tsare. Dokar 2019 da ta sauya sunan gidan yari zuwa gidan gyaran hali ta umarci shugaban hukumar a jiha ya sanar da Babban Joji idan gida ya cika ya batse, ta kuma ba shi ikon ƙin karɓar sababbin fursunoni idan ba a ɗauki mataki ba. Tun 2023 kuma gyaran Tsarin Mulki ya ba jihohi damar kafa nasu gidajen, don haka uzurin cewa lamarin na Abuja ne kaɗai ya ƙare. Mun canja suna, amma sauya wa tuwo suna ba ya sauya ɗanɗanonsa.

Mu da muka yi boko, lauyoyi da likitoci da malaman jami'a da 'yan jarida, mu ne muka gaji matsayin da Malam ya tsaya a kai a 1950, na ɗan gata mai albashi wanda ba shi ake ɗaurewa ba. Shi ya zaɓi ya ajiye albashin. Mu ba a nemi haka daga gare mu ba. Abin da ake nema shi ne mu riƙa tambaya, a rubuce kuma a kai a kai: mutum nawa ke jiran shari'a a kowane gida a Kano, tun yaushe, kuma fayil ɗin kowannensu yana teburin wa? Majistare nawa suka kai ziyarar wata-wata, ina rahotonsu? Majalisar Dokokin Jiha ta taɓa kiran Kwamishinan Shari'a ya yi bayani a kan wannan a bainar jama'a? Duk ɗan siyasar da ya ɗora jar hula ko ya rataya hoton Malam a ofis, wannan ce jarrabawar da ta dace a yi masa, domin matan nan da ke tsaye a Titin Kotu da kwanukan abinci jikokin mutanen da Malam ya tsaya wa ne.

Allah Ya jiƙan Malam Aminu Kano, Ya kyauta namu ƙarshen.