Fela Sowande da Garmahon Malaminmu

'Yan ajinmu za su tuna daren Asabar a nan Katsina, lokacin da malaminmu na Turanci, Allah ya jiƙansa, yake fito da garmahonsa gaban aji. Mu da muka tashi da kalangun Shata, da farko dariya muke yi wa kiɗan piyano. A bakin malam na fara jin sunan Fela Sowande.

An haifi Sowande a Abeokuta a 1905. A 1934 ya tafi Landan da niyyar karatun injiniya, amma kiɗa ya rinjaye shi. Da piyano ya riƙa neman abinci a gidajen rawa yana kiɗan jaz, har ya yi wasa tare da Fats Waller na Amurka. Bai tsaya nan ba. Ya ƙware a kiɗan gargajiyar Turawa, ya kuma tsara African Suite a 1944, inda ya saka waƙoƙin Afirka ta Yamma cikin salon Bature. Wannan faifan ne malam ya fi sa mana, kuma ni dai har yau ban ji kamarsa ba.

A 1953 ya dawo gida ya shugabanci sashen kiɗa na gidan rediyon Nijeriya. Daga baya ya koyar a jami'o'in Amurka, ya rasu a Ohio a 1987.

Kwanan baya na ambaci sunansa, jikana ya ɗauka Fela Kuti nake nufi. Wanda ya san inda faifan malam suka shiga, don Allah ya sanar da sakataren ƙungiya.