DAKTA DANIEL HACK TUKE: YA FARA DA JINYA KAFIN YA KARANTA LIKITA

A kowace shekara akan sami ɗalibai a makarantar nan waɗanda burinsu shi ne su zama likitoci. Saboda su, da kuma sauran masu karatu, muka ga ya dace mu kawo tarihin wani likita Bature wanda ya zauna tare da masu taɓin hankali, ya yi musu hidima, tun kafin ƙafarsa ta taka makarantar likitoci.

An haifi Daniel Hack Tuke a birnin Yok ta ƙasar Ingila a shekarar 1827. Iyayensa Kiristoci ne na ɗarikar Kweka, wadda ake kira Jama'ar Abokai. A zamanin kakanninsa, gidajen da ake ajiye mahaukata ba su da bambanci da kurkuku. Akan ɗaure marar lafiya da sarƙa, a kulle shi cikin ɗaki mai duhu da ƙazanta, a yi ta dukansa kamar dabba. A shekarar 1790 wata gwauruwa 'yar ɗarikar Kweka, mai suna Hannah Mills, ta rasu a gidan mahaukata na Yok 'yan makonni bayan an kai ta. 'Yan'uwanta masu bi sun nemi izinin ziyartarta, aka hana su.

Wannan mutuwa ta girgiza William Tuke, kakan mahaifin Daniel. Shi ba likita ba ne, ɗan kasuwa ne mai sayar da shayi da kofi. Ya tara gudunmawa daga 'yan'uwa masu bi, a 1796 suka buɗe wani gida a gefen birnin, suka sa masa suna Retreat, wato Mafaka. A can ba sarƙa, ba bulala. Marasa lafiya sukan ci abinci mai kyau, su yi aiki a lambu, su yi ɗinki da karatu, a kuma yi musu magana da ladabi. Dalilinsu shi ne, cuta ba ta raba mutum da darajar da Allah ya ba shi. Mahaifin Daniel, wato Samuel Tuke, ya rubuta littafi a kan wannan gida a 1813, wanda ya sa labarinsa ya bazu har Amurka.

Daniel ya taso ba shi da ƙarfin jiki sosai. Da ya gama makaranta, aka sa shi koyon aikin lauya a garin Bradford, amma zuciyarsa ba ta kwanta da aikin ba. A 1847, yana ɗan shekara 20, ya koma Yok ya kama aiki a Mafaka. Ba aikin likita aka ba shi ba. Shi ne mai kula da rubuce-rubuce da lissafi da kayan masarufi na gidan. Wani saurayin zai iya raina irin wannan aiki, amma shi ya mai da shi makaranta. Kullum yana cikin marasa lafiya, yana ganin yadda ciwo yake tashi da yadda yake lafawa, yana lura da abin da ke tayar wa mutum hankali da abin da ke kwantar masa da shi. A lokacin hutunsa kuwa yana karanta littattafai a kan ciwon.

Sai a 1850 ya shiga karatun likita a asibitin St Bartholomew da ke Landan. Ya sami shaidar aikin likita a 1852, a 1853 kuma ya karɓi digirin dakta a jami'ar Haidilbag ta ƙasar Jamus. Ya dawo Yok yana duba marasa lafiya a Mafaka, yana kuma koyar da ɗaliban likita. A 1858 shi da abokinsa Dakta John Bucknill suka wallafa littafin koyar da likitoci yadda ake gane ciwon taɓin hankali da yadda ake jinyarsa. An daɗe ana aiki da shi a Ingila.

Jarrabawa ba ta bar shi ba. A 1859 ciwon huhu ya kama shi, tilas ya bar aiki ya koma garin Falmouth a bakin teku, inda ya zauna wajen shekara 15. Duk da haka bai ajiye alƙalami ba. A can ya rubuta littafinsa na 1872 a kan yadda tunani yake taɓa lafiyar jiki. Da ya sami sauƙi ya koma Landan, a 1881 aka zaɓe shi shugaban ƙungiyar likitocin taɓin hankali ta ƙasarsu. A 1884 ya zaga asibitocin Amurka da Kanada, ya fallasa wuraren da ya tarar ana wulaƙanta marasa lafiya. Babban aikinsa na ƙarshe shi ne ƙamus mai juzu'i 2 da ya fito a 1892. Ya rasu a 1895.

To, ɗalibai, ga abin koyi. Littafi zai koya muku sunan cuta da maganinta, amma haƙuri da sauraro sai a gaban marar lafiya ake koyonsu. Wanda yake so ya zama likita, ya nemi izini lokacin dogon hutu ya taimaka a asibiti ko ɗakin shan magani, ko da shara ce ko rakiyar majinyaci, a ƙarƙashin kulawar ma'aikata, ya kuma riƙe asirin abin da ya gani. A nan zai san ko kira ne gare shi, ko kuwa farar riga kawai yake sha'awa.

Mu kuma 'yan ikkilisiya, har yanzu akwai gidajen da ake ɗaure masu wannan ciwo da mari, alhali asibiti yana da maganin da ke taimaka musu. Mu tuna da mutumin nan na cikin Markus sura 5, wanda mutane suka yi ta ɗaure shi da sarƙa, amma Yesu Almasihu ya warkar da shi, ya mayar da shi gida wurin danginsa. Allah ya tayar mana da likitoci masu irin wannan zuciya daga cikinku. Amin.