Nevil Sidgwick Da Siffar Ƙwayar Ruwa

Jama'a, duk mai ɗa a sakandare, ko a Ikko ko can gida Suleja, ya ga yadda yara ke fama da zanen ƙwayoyin sinadarai. To, hanyar da suke bi, Nevil Sidgwick na cikin waɗanda suka share ta.

An haife shi a Oksfod ta ƙasar Ingila cikin 1873. Ya ƙaro ilmi a Jamus, ya komo garinsu ya kama koyarwa a 1901.

Sai da ya kai shekara 67, watau 1940, shi da Herbert Powell suka nuna cewa elektaron da ke kewaye da atam zaman tagwaye suke, kuma kowaɗanne tagwaye na ture 'yan'uwansu kamar kishiyoyi. In ka ƙirga su, ka san siffar ƙwayar. Iskar methane tagwaye huɗu gare ta, duk a ɗaure, kusurwarta digiri 109.5. Ruwa ma huɗu ne, amma biyu ba su ɗaure da kowa ba, shi ya sa ƙwayarsa ta lanƙwashe.

Ya rasu cikin 1952. A 1957 Gillespie da Nyholm suka ƙara da cewa tagwayen da ba su ɗaure ba sun fi ƙarfin turi, dalilin da kusurwar ruwa ta matse zuwa 104.5 ke nan.