Ɗan Maraya Jos, wanda ya yi wa karen mota waƙa

Ni dai ban taɓa ganin Ɗan Maraya ido da ido ba. A tirelar shanu na san shi, lokacin da nake bin Baba daga Jos zuwa karar Agege. Direba zai sa kaset, karen motar kuma yana can baya cikin shanu yana bin waƙar da aka yi dominsa.

Sunansa Adamu, an haife shi a Bukuru a 1946. Iyayensa sun rasu yana ƙarami, Sarkin Hausawan Bukuru ya riƙe shi. Mahaifinsa makaɗin fada ne, amma shi da ya ɗauki kuntigi, ɗan gwangwanin nan mai tsirkiya ɗaya, sai ya juya wajen talakawa. Karen Mota ta yi tashe, haka Jawabin Aure da Gulma Wuya da Mai Akwai da Babu. Ba ɗan amshi ko ɗaya, daga shi sai kuntiginsa. Har Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa. Ya rasu ranar 20 ga Yuni, 2015, Allah Ya jiƙansa.

Makon jiya na kunna wa ƙanena, haifaffen Agege, waƙar a waya. Wallahi cewa ya yi, wane ne wannan?