Hudson Taylor Kafin Ya Tafi Ƙasar Sin

Mun san Hudson Taylor (1832–1905) da aikin bishara a ƙasar Sin, amma a birnin Hull na Ingila ya fara koyon dogara ga Ubangiji. A 1851 ya zama mataimakin wani likita a can. Ya ƙudura ba zai tuna wa maigidansa albashi ba, sai dai ya kai kukansa cikin addu'a. Mu kam, da wuya mu jure wannan. Wata Lahadi da dare ya ba iyalin wata mara lafiya sule biyu da sisi, iyakar kuɗinsa ke nan. Washegari wasiƙa ta iso da sule goma, babu sunan mai aikowa. A 1853 ya hau jirgin ruwa zuwa Sin.